Yadda Muka Buɗe Ƙamus ɗin Baba Ayuba

Aikin farko da Oga Nwosu ya ajiye a gabana wata tafireta ce ta ofishin reluwe, wadda harafi ɗaya ya maƙale mata. A 1987 ne, farkon damina, bayan rikicin da aka yi a Kafanchan a watan Maris, kasuwa ma ba ta gama dawowa daidai ba. Shekaruna goma sha tara, na zo daga Kagoro da takardar shaidar koyon buga rubutu, ina ganin na iya aiki. Oga ya ba ni tsohon burushin goge haƙori, da kananzir a murfin kwalba, da allura, ya ce kada in taɓa sukundireba sai na faɗa masa abin da ke damun injin. Kwana biyu ina leƙe. A rana ta uku na ga ashe harafin lafiyarsa ƙalau, wata 'yar siririyar waya ce a can ƙasa ta saki. Da na nuna masa bai yaba mini ba, sai ya miƙo sukundireban.

Ina ba ku wannan labari ne, ku da kuke zuwa wurina koyon kwamfuta, saboda makon jiya ɗayanku ya ce aikin ba wuya, sauke manhaja kawai ake yi a latsa. Ban yi masa musu ba. Amma ya kamata ku san cewa akwai lokacin da manhajar take zuwa a kulle, kuma mutane ne suka sha wahala kafin a buɗe ta.

Oga Nwosu Ibo ne, amma a Kafanchan aka haife shi. Mahaifinsa direban jirgin ƙasa ne, shi kuma Hausar bakinsa ta fi tawa. Shagonmu yana kan hanyar tasha, ɗaki biyu, gaba na buga takardu, baya na gyara. Muna buga takardun ɗaliban kwalejin horon malamai, da katin aure, da tsarin sujadar jana'iza, da wasiƙun 'yan kasuwar citta. Idan jirgin Legas ya shigo har tagogi suke rawa, sai mu ɗaga hannu daga inji mu jira ya tsaya. A shekara huɗu na koyi kwance tafireta gaba ɗaya in mayar, na koyi yanka sitansil, wato siririyar takardar da ake bugawa don fitar da kwafi da yawa, ba tare da na huda harafi ba. Duk abin da ke shagon ina iya buɗe shi in ga yadda yake aiki.

A 1991 Oga ya je Legas ya dawo da kwamfuta. Mutane sun yi ta zuwa kallo har daga kasuwa. Ta zo da furogiram na tsara littafi, abin da yanzu kuke kira manhaja, da kuma wani ɗan abu kamar kwalin ashana da ake maƙalawa a bayan injin. Makulli muke ce masa. In babu shi furogiram ba ya tashi, kuma duk abin da ka adana a faifai, furogiram ɗin nan ne kaɗai ke iya karanta shi. Ni ban ga laifin haka ba. Aikin yana fita tsaf, kuskure yana goguwa ba tare da farin fenti ba, ina jin daɗina.

Mutum na farko da ya kalli makullin nan ya ɓata fuska shi ne Malam Yohanna. Malamin lissafi ne a kwalejin, ɗan wajenmu ne na Kagoro, dogo, kullum da alli a hannun riga. Ya yi shekara biyu yana karatu a Ingila, kuma abin da aka fi saninsa da shi a gari shi ne ya dawo ba mota, ba firji, sai kwali cike da faya-fayai. Ya kawo takardun jarrabawa ne a buga masa. Ya zagaya bayan tebur, ya taɓa makullin da yatsa, ya tambayi Oga ko da ya sayi furogiram ɗin an ba shi asalin rubutunsa. Oga ya ce wane rubutu kuma.

Ranar ce na fara jin wannan magana, kuma na ji ta ya fi sau ɗari bayan nan, don Malam ba ya gajiya da ita. Ya ce kowane furogiram mutum ne ya rubuta shi da kalmomi da lissafi da wani mutum zai iya karantawa, sannan a juya shi ya koma harshen inji. Wanda aka ba asalin rubutun yana iya gyara, wanda aka hana sai dai ya yi roƙo. Ya ce da can, a jami'o'in Turai da Amurka, masu aikin kwamfuta miƙa wa juna rubutun suke yi, kamar yadda matan ƙauyenmu ke miƙa wa juna irin acca. Daga baya kamfanoni suka ga abin sayarwa ne, suka rufe. Sai wani mutum a wata jami'a a Amurka, wanda firintar wurin aikinsu ta dame shi da cin takarda, ya nemi rubutun don ya gyara, aka hana shi. Abin ya tsaya masa a rai har ya ajiye aikinsa, ya fara rubuta furogiram da kowa zai iya buɗewa. Ya kuma tsara sharaɗi: ka ɗauka, ka karanta, ka canza, ka ba wani, amma kada ka rufe wa na bayanka ƙofar da aka buɗe maka. Malam ya ce mutane da yawa sun bi shi, kuma daga baya ya zo mana da labarin wani ɗalibi a ƙasar Finland da ya rubuta babban ɓangaren da ya rage ya sake shi ga kowa.

Abin da ya fi ba Malam dariya shi ne, a Turanci kalma ɗaya ce take nufin kyauta take kuma nufin 'yanci, don haka masu wannan ra'ayi kullum suna fama da bayani. Ya ce da da Hausa suka fara da sun huta, domin ba wanda zai rikita kyauta da 'yanci. Oga ya saurara, ya ce duk ya ji, amma shi injinsa yana aiki. Malam ya karɓi takardunsa ya tafi.

A 1993 wani dattijo ya sauka daga motar Fadan Kagoma da buhu a kafaɗa. Na ɗauka citta ya kawo. Sunansa Baba Ayuba, tsohon malamin firamare ne kuma dattijon ikilisiya. Cikin buhun littattafan rubutu ne irin na 'yan makaranta, guda goma sha huɗu, duk suna ƙanshin citta. Shekara talatin ya yi yana tara kalmomin yarensu na Kagoma, kowace da ma'anarta da Hausa da Turanci. Ya ce jikokinsa na Kaduna ba sa jin yaren, na gida kuma suna cakuɗa shi da Hausa, yana so a buga kafin idonsa ya ƙare.

Aikin ya fi duk wanda na taɓa yi wuya. Baba yana da hanyarsa ta rubutu, wasu haruffa da layi a ƙasa, wasu da alama a sama don nuna hawa da saukar murya, kuma furogiram ɗinmu bai san su ba. Sai na riƙa dabara, in buga harafi, in ɗora masa alama daga wani wuri, in matsa ta har ta zauna. Kowace Juma'a Baba yana zuwa, ya zauna gefena, ya sa tabarau ya duba allon. Idan na yi kuskure ba ya faɗa, sai ya furta kalmar yadda na rubuta, ya furta ta yadda take, ya ce, "Saratu, kin ji bambanci? Wancan kin ce kare, ni kuwa itace nake nufi." Duk littafin da na gama sai ya koma da shi gida. Kusan shekara na yi, aikin ya cika faifai tara.

Sai 1994, shekarar da ba na son tunawa. A farkon damina iska ta yaye rufin ɗakin Baba, ruwa ya jiƙa akwatin da littattafan suke. Da tawada ya yi rubutun, ta narke, shafuka suka manne. Ya zo ya faɗa mana, ya ce ba komai tun da yana cikin inji. Ba mu buga shi a takarda ba, don takarda ta yi tsada, mun ce sai an gama gyara. Bayan nan aka shiga wahalar man fetur, janareta ta kwanta, motoci suka ragu, jirgi ma sai a yi kwanaki ba a ji shi ba. Wata rana da yamma ina aiki da wutar gari, hadari ya haɗu, kafin in kai hannu in kashe, aka yi tsawa. Na ji ƙauri. Kwamfutar ta tsira da ɗan gyara, makullin ne ya ƙone.

Oga ya sha wahalar hanya ya je Legas. Shagon da ya sayi furogiram ɗin ya tarar ana sayar da taya a ciki. Wani ya gaya masa kamfanin da ke ƙasar waje ya daina yin irinsa. Mun rubuta wasiƙa biyu, ba amsa.

Ranar Juma'a Baba ya zo. Na shige ɗakin baya ina goge tafiretar da ba ta buƙatar gogewa, ina jin Oga yana masa bayani. Baba ya ce, "To kalmomin suna ciki, ko sun fita?"

Oga ya ce, "Suna ciki, Baba."

"Amma ba ku da hanyar fito da su."

Baba ya nemi ruwa ya sha, ya yi mana sallama. Juma'a ta gaba ya sake zuwa, da wadda ta biyo baya. Ba ya tambayar komai, zama kawai yake yi a kujerar da ya saba, ya ɗan jima ya tafi.

Ni na je kwaleji na nemo Malam Yohanna. Na yi zaton zai ce ai ya faɗa mana, amma bai ce ba. Ya zo da faifai biyu daga kwalinsa, ya sa wani furogiram mai nuna abin da ke cikin faifai tsirara, lambobi layi-layi. A tsakiyar lambobin na hango guntun wata kalma ta Baba. Malam ya ce aikin yana nan, sai dai an ɗaure shi da ɗaurin da mai furogiram ne kaɗai ya sani. Ya zauna ya rubuta wasiƙa uku zuwa adireshin da ya samu a cikin faya-fayansa, mutanen da bai taɓa gani ba. Oga ya tambaye shi me zai sa baƙo a wata ƙasa ya kula da mu. Malam ya ce shi ma bai da tabbas, amma haka mutanen nan suke yi.

Wata huɗu suka wuce. Ana gab da Kirsimeti ambulan mai kauri ta iso daga Kanada. Daga wata mata ce mai aiki a laburare, ɗaya daga cikin mutum ukun ya miƙa mata wasiƙarmu. Ita ma irin wannan furogiram ya taɓa kulle mata aiki, ta rubuta wani ƙarami mai kwance ɗaurin. Ta aiko da shi a faifai, haɗe da asalin rubutunsa. A 'yar gajeriyar wasiƙarta ta ce nata na tsohon samfuri ne, mai yiwuwa ba zai yi mana daidai ba, mu gyara, in mun gyara mu ba duk mai buƙata.

Bai yi daidai ba kuwa. Turanci da Hausa suna fitowa, amma duk inda na ɗora alama a kan harafi sai shirme ya fito, ya cinye layin gaba ɗaya, wato ainihin kalmomin Baba. Muka buga asalin rubutun a takarda, shafi arba'in da wani abu. Malam zai iya gyarawa shi kaɗai cikin mako biyu, na sani. Ya ƙi. Ya ce ni na yi dabarar ɗora alamomin, ni na san inda na sa kowace, kuma in ya yi mini yau, gobe in ba ya nan fa? Kullum da safe kafin ya shiga aji sai ya biyo, mu shimfiɗa takardun a tebur, ya nuna mini layi ya ce in faɗa masa abin da yake yi. Ranar farko ban gane komai ba. Bayan mako uku na fara ganin inda abu ke shiga, inda ake ƙirga shi, inda yake fita. Oga yana tsaye a bayanmu wata safiya, ya ga na bi layi da yatsa har na kai inda matsalar take, sai ya ce, "Wannan ai tafireta ce. An cire murfi kawai." Daga ranar ya daina yi wa Malam gardama, sai dai tsokana.

Kada ku ɗauka gyaran sau ɗaya aka yi. Ka canza layi, ka jira wuta, ka juya rubutun ya koma harshen inji, ka gwada, ya ƙi, ka koma takarda. Wani lokaci waƙafi ɗaya ne zai ci maka kwana uku. A watan Fabrairu, wata Laraba, shafin farko ya fito da kowace alama a mazauninta. Ban jira Juma'a ba. Na hau mota zuwa Fadan Kagoma da takardar a cikin jaka, na tarar da Baba yana shanya citta. Ya goge hannu a riga, ya karɓa, ya karanta kalmomin a bayyane tun daga sama har ƙasa, matarsa tana tsaye a bakin ƙofa tana gyara masa furuci.

Faifai bakwai suka buɗe. Biyu na ƙarshe danshin damina ya riga ya ɓata su, ba furogiram ɗin da zai tashe su. Baba ya ɗauki sabon littafi ya shiga ƙauyuka yana zama da tsofaffin mata, yana sake tarawa. Ya samu da yawa, bai samu duka ba. Ya taɓa gaya mini akwai kalmar da kakarsa ke kiran ruwan da ke sauka rana tana haske, ya tuna ranar da ya rubuta ta, ya tuna gefen shafin, amma kalmar ta ƙi zuwa, kuma matar da ta faɗa masa ta rasu.

An buga ƙamus ɗin a 1997. Da furogiram buɗaɗɗe muka tsara shi, daga kwalin Malam, wanda ya ba mu damar zana haruffan Baba da kanmu, ba sauran ɗore-ɗore. Muka kwafi gyaranmu muka aika wa matar Kanada. Muka riƙa ba duk wanda ya zo da faifai, fastoci masu fassara waƙoƙi da yarensu, da malaman makaranta, har da wani shago da ya buɗe kusa da mu yana ƙwace mana masu kawo aiki. Wannan kam Oga ya yi gunaguni, amma ya bayar.

Shekarun nan su ne mafi daɗi a aikina. Da rana in wuta ta ɗauke, sai mu fito da benci, Oga ya sayi gasasshiyar masara, Malam ya buɗe mujallar da ta yi wata shida a hanya yana fassara mana. A 1998 ya zo ransa a ɓace, ya ce wasu daga cikin masu wannan tafiya sun sauya mata suna, sun daina maganar 'yanci, suna cewa buɗaɗɗiyar manhaja, don kamfanoni su daina jin tsoro. Hujjarsu ita ce abin da ido da yawa ke dubawa ya fi inganci. Malam ya ce gaskiya ne, amma ba don inganci Baba Ayuba ya yi ta zama a kujerar can ba. Oga ya ce shi ko me za a kira ta, in dai murfin yana buɗuwa, ya yarda. Sun yi wannan musu har masara ta ƙare, suka ɗora washegari.

Baba ya rasu a ƙarshen shekarar. Jirgi ya yi ta raguwa, aikin reluwe ya mutu, Oga ya bar mini shagon ya koma garin iyayensa a Gabas, garin da bai taɓa zama a cikinsa ba. A 1999 Malam ya faɗi a aji, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ƙi fita. Aka mai da shi gida Kagoro.

Bayan wata uku wani fasto daga wajen Zonkwa ya dawo mini da faifan da na ba shi. Ya ce furogiram ɗinmu ya buɗe masa aikinsa, amma kalmar ƙarshe ta kowane shafi tana rasa alamarta. Na yi mako biyu ina nema ban gani ba. Ran Asabar na naɗe takardun na hau mota. Na tarar da Malam a kujera a ƙofar gida, yana fuskantar dutsen Kagoro, ya rame ƙwarai. Na gaishe shi, ya ɗaga kai. Matarsa ta ce kada in wahalar da shi, amma ya riga ya ga takardun, ya miƙo hannun hagu. Na faɗa masa matsalar. Na riƙa juya masa shafi, yana bi da ido a hankali, ya fi awa. A shafi na talatin da ɗaya ya buga takardar da yatsa. Na sa masa fensir a hannu, da ƙyar ya zagaye wuri ɗaya, inda ƙirga take tsayawa saura ɗaya ta kai ƙarshe. Layin nan ni na rubuta shi.

Nan na tuna lokacin da muke gyaran ƙamus, Baba ya yi ta mayar da alama a ƙasan kowane shafi da biro, yana cewa in na kusa ƙarshen shafi hankalina yana tafiya gida. Ya rasu yana ganin mantuwa ce tawa. Na faɗa wa Malam haka. Ɓarin bakinsa mai motsi ya ɗaga, kafaɗarsa ta riƙa girgiza, sai da na ɗan jima kafin na gane dariya yake yi.

Ran Litinin na gyara layin, na gwada, alamar ta zauna. Na kwafa a faifai na ba faston, na sa wani a ambulan zuwa Kanada. Asabar ta zagayo na shirya in je in gaya wa Malam ya yi daidai, ina kulle shago sai ga ɗan'uwansa a kan babur, ya cire hula tun kafin ya sauka. Tun bai buɗe baki ba na gane Malam ya rasu.